In guguwa ta kada shato, ina gari zai sha ruwa?

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Bayan karatun manya kuma, ni ke riƙe da littafin kwamitin ruwa na garinmu. Ni ke rubuta kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita. Shi ya sa duk labarin da ya shafi fanfo da shato, kunnena yana wurin.

A wannan wata ina so in ba ku labarin wani ƙaramin gari na ƙasar Amurka wanda guguwa ta rushe. Ina so mu duba yadda ake tafiyar da ruwan sha da ruwan ƙazanta bayan irin wannan masifa. Garin yana da nisa ƙwarai. Amma mutanen yankin manoman alkama ne da masu kiwon shanu, kuma ruwansu daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa kamar namu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Guguwarsu da tamu

Mun san guguwa. Da rani, in rana ta take, sai ka ga ƙura ta tashi tana juyawa a fili. Ta kwashe kara da ganye, wani lokaci ta yaye jinkar rumbu, ta wuce abinta. Wannan daga ƙasa take tashi saboda zafin rana.

Ta Amurka daga sama take saukowa. Iska mai ɗumi da laima ke gamuwa da busasshiyar iska mai sanyi. Baƙin hadari ya haɗu, ya shiga juyawa. Daga cikinsa wani abu ya zuro kamar hannun giwa har ya taɓa ƙasa. Abin da ya tarar duka sai ya ɗauka: mota, saniya, rufin gida, icce da saiwarsa. Kowace shekara ana ƙirga irin wannan guguwa fiye da 1000 a Amurka. Yawancinsu ƙanana ne. Masana sun jera ƙarfinsu daga lamba 0 zuwa lamba 5. Mai lamba 5 ita ce uwarsu, kuma ba kowace shekara ake ganin ta ba.

Daren da ta shiga Girinsbag

Sunan garin Girinsbag, su suna rubuta shi Greensburg. Yana cikin jihar Kansas, a tsakiyar Amurka. Mutanensa a lokacin wajen 1400 ne. Ke nan da yawa daga cikin garuruwanmu na kasuwa sun fi shi jama'a.

Ranar Juma'a 4 ga watan Mayu na 2007, gab da ƙarfe 10 na dare, guguwa mai lamba 5 ta shigo masu. Faɗinta ya kai kilometir 2 da rabi har da ɗoriya. Gudun iskarta ya kai kilometir 330 a awa guda. Ku tuna motar fasinja mai gudu ƙwarai bisa kwalta, ku ninka gudunta sau 3. An busa jiniya wajen minti 20 kafin ta iso. Mutane suka sauka ɗakunan da suke ginawa ƙarƙashin gidajensu. Wannan ya ceci rayuka da yawa. Duk da haka fiye da mutum 10 sun rasu.

Da gari ya waye, cikin gine-gine 100, 95 sun rushe. Makaranta ta tafi. Asibiti ya lalace. Ofishin magajin gari ya rushe. Turakun kuran sun kwanta. Shaton ruwa na garin ya faɗi ƙasa ya lanƙwashe. Hukuma ta kwashe mutane zuwa garuruwan maƙwabta.

Wani ƙanena mai karatu a Yamai ne ya nuna mani hotunan cikin wayarsa, ya karanta mani bayanin. Shi gidaje yake kallo. Ni kuwa shato nike nema. Da na gan shi kwance, sai na tuna namu, na ce a raina: to, gobe da safe wa zai ba waɗannan mutane ruwa?

Akwai abu guda da guguwar ba ta iya ɗauka ba. Garin yana da wata tsohuwar rijiya da aka gina da hannu, aka gama ta a 1888. Da shebur da diga da igiya aka yi ta, aka ɗaure cikinta da duwatsu. Zurfinta metir 33, wajen gaba 18 ke nan. Faɗin bakinta ya kusa metir 10. Ita ta shayar da garin har 1932. Daga baya ta zama abin da baƙi ke zuwa kallo. Guguwa ta share ginin da ke bakinta, ta kada shaton da ke kusa da ita. Rijiyar tana nan har yau.

Yadda ruwa ke tafiya a irin wannan gari

Tsarin bai bambanta da na manyan ƙauyukanmu masu shato ba sosai. Akwai foraj. Akwai injin da ke jawo ruwa da ƙarfin kuran. Ana sa ma ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, dangin jabel. Ana tura shi sama cikin shato. Tsawon shato shi ke ba ruwa ƙarfin gudu cikin tiyo, kamar ka aza tulu bisa katanga ka huda gindinsa. Ruwan da shato ke riƙewa yakan kai gari wajen yini guda da kwana, ba ya wuce haka da yawa.

Bambancin shi ne, can kowane gida yana da tiyonsa, da kwantar mai ƙirga abin da ya sha. A ƙofar kowane gida, cikin ƙasa, akwai makullin ruwa, wanda masu aikin fanfo ke ce ma ban. Da dogon mabuɗi na ƙarfe ake juya shi. A mararrabar tituna kuma akwai manyan makullai masu tsare unguwa guda.

Sannan ba su gina salga a bayan gida kamar mu. Makewayi yana cikin ɗaki. In mutum ya gama, ya kora da ruwa. Wani tiyo dabam ke ɗaukar wannan ƙazanta da ruwan wanka da na wanke-wanke, ya kai su bayan gari. Inda ƙasa ke da gangara, ƙazantar na tafiya da kanta. Inda babu gangara, ana gina rami a sa inji ya ɗaga ta sama, ta ci gaba da tafiya. Ƙananan garuruwa da yawa suna zuba ta cikin manyan tafkuna da aka gina don haka. Rana da iska da wasu ƙananan halittu su ke cinye dattin a hankali.

Duk wannan aiki, a ƙaramin gari, yana hannun mutum biyu ko uku. Su ke duba inji, su ke auna magani, su ke gyaran tiyo, su ke karanta kwantar. Ranar guguwa su ma gidajensu sun rushe, su ma suna neman iyalinsu. Amma gari na jiran su.

Aiki na farko: a rufe

Wanda bai san aikin ba zai ce a fara da tada inji. A'a. Da rufewa ake farawa.

Manyan tiyo suna binne da zurfi saboda sanyin ƙasarsu mai daskarar da ruwa. Iska ba ta kai gare su. Amma inda ƙaramin tiyo ya fito ya shiga gida, in gidan ya tashi, tiyon ya tsinke. Ruwa ya yi ta feshi bisa kango. In icce ya tuge, saiwarsa ta jawo tiyon da ke kusa. Ku ƙirga gida 500, kowane da bakin tiyo a buɗe. Ko shato bai faɗi ba, cikin ɗan lokaci zai zama fanko. Kowa ya san ba a cika tulu mai huda.

Haka ta faru a Jofilin, wani birni na jihar Mizuri, ran 22 ga watan Mayu na 2011. Guguwa mai lamba 5 ta kashe fiye da mutum 150. Dubban ƙananan tiyo suka tsinke, ƙarfin ruwa ya faɗi. Sai da ma'aikata suka bi unguwa unguwa, gida gida, suna rufewa.

Wannan aiki yana da wuya fiye da yadda ake zato. Makullin yana ƙarƙashin tarin katako da kwano da motoci. Allunan sunayen tituna sun tashi. Iccen da ma'aikaci ke gane kwana da shi babu shi. Mutumin da aka haifa a garin sai ya tsaya yana tambaya: nan ina ne? Abin da ke ceto a ranar shi ne taswira, wato takardar da aka zana hanyar kowane tiyo da wurin kowane makulli. In taswirar tana cikin kan tsoho guda kawai, kuma tsohon yana kwance asibiti, gari ya shiga uku. In takarda guda ce kuma tana ofishin da ya rushe, duk ɗaya ne.

Bayan an rufe, sai a buɗe a hankali. A fara ba wurin jinya ruwa, da wurin da aka tara mutane, da bakin ruwan ƴan kwana-kwana don kashe gobara. Sauran unguwanni su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Aiki na biyu: a nemo wuta

Foraj yana da ruwa, amma babu kuran. Turakun wuta kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin a tada su. Sai a nemo gurup, wato injin ba da wuta mai shan gazuwal. A nan ma akwai tambayoyi. Gurup ɗin ya kai ƙarfin injin foraj? An shirya wurin haɗa shi tun da wuri? Ina za a samu gazuwal, tunda gidan mai shi ma da kuran yake aiki? Hanya a buɗe take, ko itatuwa sun tare ta?

In shato ya faɗi, abin ya ƙara nauyi. Babu wurin ajiya. Dole inji ya yi ta turawa dare da rana don tiyo ya zauna cike. Sabon shato kuwa ba aikin mako guda ba ne, watanni yake ci. Faɗuwar shato ba a Girinsbag kaɗai ta faru ba. A Mefil ta jihar Kentaki, ran 10 ga watan Disamba na 2021, guguwa ta kada shato. A Rolin Fok ta jihar Misisipi, ran 24 ga watan Maris na 2023, haka. Abin da ya fi kowa tsawo a gari shi iska ke fara samu.

Aiki na uku: ƙazanta

Wannan shi ne wanda mutane ba su son magana a kai. Amma shi ke kawo ciwo.

In babu kuran, injin da ke ɗaga ƙazanta ya tsaya. Ramin ya cika. Ƙazantar ta nemi hanya: ta ɓullo a titi, ko ta komo cikin gidajen da suka tsira. Shi ya sa gurup guda bai isa ba. Na ruwan sha dabam, na ƙazanta dabam. Wani lokaci sai a ɗora gurup a bayan mota ana yawo da shi daga rami zuwa rami, ko a kawo motar zuƙa ta kwashe.

Gidan da ya tashi kuma ya bar bakin tiyon ƙazanta a buɗe. Ruwan sama ya shiga, yashi ya shiga, gutsattsarin katako da bulo su shiga. Tiyo ya toshe, inji ya lalace. Dole a bi kowane kango a toshe wannan baki. Kuma in manyan motocin kwashe tarkace sun zo, sai an sa alama bisa kowane makulli da kowane murfi. In ba haka ba su take abin da guguwa ta bari. Kafin a gyara, ana kawo ƙananan makewayi na roba a mota, a jera ma mutane.

Aiki na huɗu: a tafasa

Muddin tiyo yana cike da ruwa mai ƙarfi, datti ba ya iya shiga. In da huda, ruwa ne ke fita. Amma in ƙarfin ya faɗi, tiyon sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi: taɓo, ruwan kwata, har ƙazantar da ta ɓalle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, ko ruwa ya komo fanfo, ko ya yi fari tas, hukuma takan yi shela: kada kowa ya sha sai ya tafasa. A bar shi ya yi ta ɓararraka minti guda cur. Ma'aikata su wanke tiyo da magani mai ƙarfi, su zubar, su ɗebi ruwa cikin kwalba su kai ɗakin awo. Awon yakan ci kwana guda. Sai sakamako ya fito da kyau ake ɗage shelar. Kafin nan ana raba ruwan kwalba da na tanki.

Ƴan'uwa, ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Wannan mu ma mun sani. Ciwon amai da gudawa ya shigo mana ta Madarunfa a 2018, ya sake komowa jihar Maraɗi da wasu jihohi a 2021. Daminar 2024 kuma ruwa ya rushe dubban gidaje a ƙasarmu, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. In ruwa ya cika salga ya malala, ina yake zuwa? Rijiyar da ke gangare.

Gayya

Mutum biyu ko uku ba su iya wannan aiki duka. Abin da ya taimaki Girinsbag shi ne ma'aikatan wasu garuruwa da suka zo da motocinsu da kayan aikinsu. Yanzu a jihohin Amurka da yawa masu aikin ruwa sun ƙulla yarjejeniya a rubuce tun kafin masifa. Kowane gari ya faɗi abin da yake da shi: gurup nawa, motar gina rami nawa, ma'aikata nawa. An san wanda za a kira. An san yadda za a biya daga baya. Ranar da abu ya faru, ba a tsayawa ciniki.

Mu gayya muke ce ma wannan. Kakanninmu da ita suke noma gonar mara lafiya. Su dai sun ƙara mata abu guda, sun rubuta ta.

Abin da ya fi guguwa daɗewa

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, ni mai riƙe da littafi.

Gwamnatin Amurka tana da hukumar agajin gaggawa, FEMA. In shugaban ƙasa ya amince masifa ce babba, hukumar takan ɗauki aƙalla kashi 75 cikin 100 na gyaran kayan jama'a. Amma sai gari ya kawo shaida: takardar sayen kowane abu, awannin da kowane ma'aikaci ya yi, hoton abin da ya lalace. Sau da yawa gari ke fara kashe kuɗinsa, a mayar masa daga baya. Garin da asusunsa ba kome sai ya jira. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kuma agaji gini yake yi, ba ya biyan kuɗin wata. Albashin ma'aikaci, kuɗin wuta, kuɗin magani, masu shan ruwa ke biyan su. To, ina masu shan ruwan?

Ga ƙidayar Girinsbag. A 2000 mutum 1574. A 2010, shekara 3 bayan guguwa, mutum 777. A 2020, mutum 740. Rabin gari ya tafi bai komo ba. Wasu tsofaffi ne, ba su da ƙarfin sake gini. Wasu sun samu aiki a wani gari, yaransu sun shiga makaranta can. Amma tiyo bai ƙaura ba. Tsawonsa na nan yadda yake. Foraj na nan, ramukan ƙazanta na nan, kowane yana son gyara.

Mu yi lissafi irin na aji, da kuɗinmu. A ce ruwan gari yana cin jaka 100 kowane wata. In gida 200 ke biya, kowane gida dala 100. In gida 100 suka tashi, waɗanda suka rage kowane zai biya jaka guda. Ruwan da suke sha bai ƙaru ba, kuɗin ya ninka. In an ƙara kuɗi, talaka ya kasa. In ba a ƙara ba, inji ya mutu babu na gyara. Wannan ita ce wahalar da ke biyo bayan guguwa, kuma ƴan jarida sun riga sun tafi lokacin da take farawa.

Mutanen Girinsbag da suka zauna sun yi shawara. A ƙarshen 2007 majalisar garin ta yanke cewa manyan gine-ginen hukuma za a yi su yadda ba za su ci wuta da ruwa da yawa ba. Sun gina sabon shato. Sun sa makewayi masu ƙarancin shan ruwa. Sabuwar makarantarsu tana tara ruwan sama daga rufi don ban-ruwan shuke-shuke. A bayan gari an kafa manyan fankoki 10 masu juyawa da iska suna ba da kuran. A 2012 suka buɗe sabon gini bisa tsohuwar rijiya don baƙi. Jama'ar ba ta koma yadda take ba, amma garin yana raye, fanfo yana zuba.

Mu komo gida

Irin waccan guguwa ba ta saba zuwa ƙasarmu ba. Amma muna da iskar farkon damina, mai tahowa da jar ƙura daga gabas. Kowa ya ga abin da take yi ma rufin kwano.

Wata shekara ta ɗauke mana pano uku, wato faifan hasken rana da ke ba injin foraj wuta. Shato bai faɗi ba, amma washegari da la'asar ya ƙafe. Muka kira mai gyara daga birni. Ya ce sai an ba da rabin kuɗi kafin ya taso. Na buɗe littafi gaban kwamiti. Abin da ke asusu bai kai ba. Dalili kuwa a rubuce yake: tun bayan girbi magidanta da yawa sun tafi cin rani, bashin ruwa ya taru, ana cewa sai sun komo.

Kwana tara muka yi. Mata suka koma tsohuwar rijiya, wadda bakinta ya zube tun da aka kawo fanfo. Wasu suka tafi tabki. Makiyayan da ke shayarwa a kwalbatinmu suka kora dabbobi zuwa wani gari mai nisan rabin yini, ga shanu sun rame da bazara. Ni da mai gari da shugabar mata muka bi gida gida muna tara dala dala. Kafin ruwa ya komo, yara da yawa sun kamu da zawo. A ajina na dare, benci biyu babu kowa, iyaye suna wurin jinya.

Pano uku ne kawai. Babu gidan da ya rushe. Da na ga hoton shaton Girinsbag, waɗannan kwana tara na tuna.

Abin da nike roƙon kowane kwamiti

Na 1. A zana hanyar tiyo da wurin kowane ban a takarda. A auna da taki daga abin da ba ya tashi, kamar gindin shato ko bakin rijiya. A yi kwafi uku, a ajiye gida uku dabam. Mutum uku su iya rufewa da buɗewa, cikinsu har da mace, don mata ba su zuwa cin rani kamar maza.

Na 2. A ware kuɗin gyara dabam, kada a taɓa su don biki ko tarbar baƙo. A karanta lissafi gaban jama'a kowane wata. Mai tafiya cin rani ya bar kuɗin ruwan gidansa, ko ya aiko. Iyalinsa suna sha ko yana nan ko ba ya nan.

Na 3. Kafin hadarin farko, a duba ƙusoshin pano da ƙafafun shato. A ɗaure abin da ya yi sako-sako. In ana da gurup, a tada shi a ji, a ajiye gazuwal.

Na 4. Kada a yar da tsohuwar rijiya. A gyara bakinta, a yi mata murfi, a yashe ta kowace shekara. Kada a gina salga kusa da ita. A bar aƙalla metir 30, kuma salga ta kasance ta gangare. Su can tasu ta zama abin kallo. Mu tamu ita ce ƙafarmu ta biyu.

Na 5. In fanfo ya tsaya ya komo, ko in an ɗebo daga tabki, a tafasa ruwan sha. In da ƙwayar maganin ruwa, a sa yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira minti 30. Yara ƙanana su ke fara faɗuwa.

Na 6. A zauna da kwamitocin garuruwan maƙwabta da ardo na makiyaya tun yanzu. A amince: in namu ya tsaya, za mu sha a naku, dabbobi su sha da tsari, a farashi kaza. In naku ya tsaya, haka. A rubuta, kowa ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ke jiran kuɗin gwamnati ko na baƙi. Takarda ce, da biro, da zama guda ƙarƙashin icce.

A taron kwamitinku mai zuwa, ku tashi ku yi tambaya uku. Nawa ke cikin asusun gyara? Wa ya san inda ban yake? In shato ya ƙafe gobe, ina za mu sha? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar da aka ba shi. In garinku ya taɓa shiga irin wannan hali, ku aiko ma jarida da labarin yadda kuka fita, sauran garuruwa su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iska mai ɓarna. Sai wata mai zuwa.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, mai riƙe da littafin kwamitin ruwa.